Babu birki a sararin samaniya: inda jirgin Starbuck ya faɗi gaskiya da inda ya ƙara gishiri

Duk wanda ya taɓa kallon finafinan yaƙin sararin samaniya, ko a gidan kallo ko a waya, ya san hoton nan: ɗan ƙaramin jirgi mai fukafukai ya karkace, ya sha kwana kamar shirwa ta hango tsoka, yana aman wuta, ƙarar injinsa ta cika kunne. Abin da daɗin kallo. To amma jirgi zai iya yin haka a inda babu iska? Yau za mu ɗauki matuƙiya guda ɗaya, wadda ake yi wa laƙabi da Starbuck, mu ɗora tuƙinta a sikelin kimiyya. Abin da za mu gani shi ne, a nan duniya kullum akwai abin da kake dogarawa ka juya ko ka tsaya, ko ƙasa ko ruwa ko iska. A can kuwa ba ka da komai sai abin da ka ɗauko a tankinka.

Wace ce Starbuck?

Sunanta a cikin labarin Kara Thrace, kuma tana cikin wani shirin talabijin mai dogon zango na Amurka mai suna Battlestar Galactica. Glen A. Larson ne ya fara ƙirƙiro shirin a 1978, kuma a wancan lokacin Starbuck namiji ne, Dirk Benedict ya fito a matsayinsa. A 2003 Ronald D. Moore ya sake gina labarin daga tushe, ya mayar da Starbuck mace, jaruma Katee Sackhoff ta hau matsayin. Sabon shirin ya ci gaba daga 2004 har zuwa 2009.

Labarin a taƙaice: mutane na zaune a duniyoyi 12, sai wasu mutum-mutumi da su da kansu suka ƙera, waɗanda ake kira Cylon, suka juya musu baya suka hallaka kusan kowa. Mutum kusan 50,000 da suka tsira suka gudu a cikin ayarin jirage, wani tsohon jirgin yaƙi mai suna Galactica yana yi musu rakiya. A cikinsa akwai ƙananan jiragen kai farmaki masu cin mutum ɗaya, ana kiran su Viper. Starbuck ita ce gwanar matuƙansu, ga taurin kai ga saurin hannu.

Mun zaɓi wannan shirin ne saboda masu shi sun yi ƙoƙari. Har mai ba su shawara kan kimiyya suka ɗauka, Kevin Grazier, masanin da ya yi aiki da hukumar NASA a kan kumbon Cassini da aka aika duniyar Satan. Don haka akwai gaskiya da yawa a tuƙin Starbuck, akwai kuma inda daɗin labari ya rinjayi lissafi.

Sararin samaniya bai kai Kano nisa ba

Daga Gumel zuwa Kano kusan kilomita 120 ne. Iyakar da aka fi amfani da ita wajen cewa nan sararin samaniya ya fara kuwa kilomita 100 ce a saman kanmu, ana kiran ta layin Karman. Wato da akwai titi miƙaƙƙe zuwa sama, direban da ya bi shi daga tashar Gumel zai riga abokinsa da ya nufi Kano isa.

Iskar da muke shaƙa siririyar riga ce da duniya ta yafa. Ka hau kilomita biyar da rabi kacal, rabin nauyin iskar duniya ya riga ya koma ƙasanka. Jiragen fasinja na tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12. Kafin a kai 100, iskar ta yi ƙarancin da fuffuke ba shi da abin kamawa.

Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa tana can wajen kilomita 400, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, wato kilomita 7.7 a kowane sakan. Tazarar Gumel zuwa bakin iyakar Nijar ta wajen Maigatari, cikin kamar sakan uku za ta shafe ta. Ka riƙe wannan gudun a ranka, za mu dawo kansa.

Shirwa da iska take jingina

Ka tsaya kusa da mahauta a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka ɗaga kai ka kalli shirwa. Idan za ta sha kwana, sai ta ɗaga fuffuke ɗaya ta saukar da ɗaya. Me ya sa? Fukafukanta suna danna iska ƙasa, iskar kuma tana tura ta sama. Da ta karkace, wannan turin ba sama kaɗai yake yi ba, wani ɓangarensa ya koma gefe, shi ne yake jan ta ta zagaya. Haka jirgin sama yake yi, tun daga na fasinja har na yaƙi. Iska ce ke yi masa aikin juyi, shi nasa kawai ya gyara fuffuke.

Mai babur ma ya san wannan ko da bai shiga aji ba. A kan kwalta, ya kwanta da babur ɗin a kwana, taya ta kama titi, ya wuce abinsa. Amma ka bi shi cikin rairayin ƙauyukan Sule Tankarkar lokacin rani. Ya murɗa kan babur zuwa hagu, babur ya ce bai san zancen ba, ya ci gaba da zamewa inda ya dosa tun farko. Tayar ta rasa abin kamawa ke nan. To sararin samaniya rairayi ne da babu kamu a cikinsa ko na ƙwayar zarra.

Daga ina masu finafinai suka samo salon karkacewar, tunda ba ta aiki a can? Daga tarihi. Lokacin da George Lucas ke haɗa Star Wars, wanda ya fito a 1977, hotunan artabun jiragen Yaƙin Duniya na Biyu ya tattara ya ba ma'aikatansa su kwaikwaya. Idon masu kallo ya saba da hakan, har ya zama in jirgi bai karkace ba sai a ga kamar ba ya tafiya. Viper ma tana da fukafukai, amma tana da hujja: a cikin labarin takan sauka cikin iskar duniyoyi. Da zarar ta fita sarari, fukafukan sun zama kaya kawai.

Ka kashe inji, tafiya ba ta tsaya ba

A 1687 Isaac Newton ya wallafa dokokin motsi guda uku. Ta farko ta ce abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudunsa, sai in wani ƙarfi ya taɓa shi. Ɗalibai kan haddace ta don jarrabawa, amma a zuci da yawa ba su yarda ba, domin idonsu bai taɓa ganin haka ba. Amalanke na tsayawa da shanu sun tsaya. Ai yashi ne ya riƙe ta. Ka rage wannan riƙon ka ga bambanci: jirgin ƙasa a layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa ta Gagarawa Tasha, ƙarfe ne kan ƙarfe, shi ya sa direbansa ke fara taka birki tun da nisa. Ka cire dogon, ka cire iskar, me ya rage da zai tsayar da shi? Babu.

Nan ne shirin ya ci maki. Idan ka lura, akwai ƙananan bututu a hanci da gefunan Viper masu fesa iska fit, fit. Da su Starbuck ke juya jirgin a kan kansa. Abokin gaba na bin ta a baya, sai ta wuntsila jirgin, hancinsa ya koma kallon baya, ta buɗe masa wuta, alhali tana ci gaba da tafiya inda ta dosa da gudun da take yi. Wannan daidai ne ɗari bisa ɗari. A sarari, inda hancinka ke kallo daban, inda kake tafiya daban. Matuƙin jirgin sama da ya gwada haka cikin iska da babban gudu, jirgin ne zai kakkarye.

Inda aka ƙara gishiri shi ne yadda ake yawan nuna injunan baya suna ci da wuta koyaushe, kamar motar da in an ɗaga ƙafa daga totur za ta lafa. A can, duk sakan ɗin da inji ke ci, gudu ƙaruwa yake yi. Kuma duk gudun da ka tara bashi ne, sai ka biya shi kafin ka tsaya.

Kowane juyi da kuɗinsa

Tunda babu abin dogarawa, yaya ake motsi? Dokar Newton ta uku ce ta ba da amsa: ka tura abu, shi ma ya tura ka da ƙarfi daidai da naka. Wanda ya taɓa kallon 'yan bindiga a hawan Sallah a Gumel ya ga yadda bindigar toka ke dukan kafaɗar mai ita in ta tashi. Hayaƙi da wuta sun yi gaba, bindiga ta yi baya. Roka bindiga ce da ba ta daina tashi: tana watsa iskar ƙonannen mai ta baya da matsanancin gudu, ita kuma ta yi gaba. Ba iskar waje take turawa ba, shi ya sa take aiki a inda babu iska.

Yanzu mu yi ɗan lissafi. A ce Starbuck ta kunna inji na sakan 10, da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau uku. Gudunta zai kai kusan mita 300 a sakan, sama da kilomita 1,000 a awa. Ta kashe inji, tana nan a kan wannan gudun. Tana son tsayawa? Sai ta juya hanci baya ta sake ƙona mai na sakan 10. Tana son komawa Galactica? Wani sakan 10. In ta iso kuma dole ta tsaya, in ba haka ba ta wuce ko ta yi karo: wani 10 ɗin. Biya huɗu ke nan a fita ɗaya, ba a ma fara kauce wa harsashi ba.

Matsalar ba nan ta tsaya ba. Man da za ka ƙona a ƙarshen tafiya, sai ka ɗauke shi tun farkonta, kuma ɗaukarsa ma mai yake ci. Kamar raƙumin da zai ƙetare hamada ne ɗauke da abincinsa: in ka ƙara masa nisa sai ka ƙara masa harawa, in ka ƙara harawa ka rage kayan da zai kai kasuwa. Wani malamin makaranta ɗan Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, shi ya fitar da lissafin wannan a 1903. Shi ya sa rokar da ka gani tsaye tana shirin tashi, kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinta mai ne.

Ka tuna gudun nan na kilomita 7.7 a sakan? Kumbon da ke zagaya duniya a kan wannan gudun, in yana son karkata hanyarsa da digiri 60, kwanar da shirwa ke sha ba tare da ta kaɗa fuffuke ba, canjin gudun da zai nema daidai yake da dukkan gudun da yake yi. Kusan kamar a sake harba shi ne daga farko. Marubutan shirin sun san da wannan, sai suka ƙirƙiro wani mai na almara mai suna tylium, wanda kaɗan ɗinsa ke yin aiki mai yawa. Duk da haka sun yi adalci: akwai kashi guda a zango na farko da ayarin ya kusa tsayawa cik saboda man ya kusa ƙarewa, dole suka kai hari don ƙwato ma'adininsa.

Ranar da matuƙin yaƙi na gaske ya gwada

Wannan ba hasashe ba ne, an taɓa gwadawa. Ranar 3 ga Yuni 1965 Amurka ta harba kumbon Gemini 4, James McDivitt ke tuƙi, Ed White na gefensa. McDivitt tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne, ya yi fita 145 a yaƙin Koriya. Aikin farko da aka ba shi mai sauƙin faɗa ne: ya matsa kusa da ɓangaren rokar da ta kawo su, wanda ke shawagi kusa da su. Ya yi abin da kowane matuƙi zai yi, ya saita hanci ya ba da wuta. Abin mamaki, maimakon ya matso, sai tazara ta riƙa ƙaruwa. Ya ƙona kusan rabin man da aka ware masa na motsi kafin aka ce ya haƙura.

Me ya faru? Abin da ke zagaya duniya kamar dutse ne a cikin majajjawar yaron da ke korar tsuntsaye a gonar gero. Dutsen na son tafiya a miƙe, igiya na jan shi ya zagaya. A sama, jan ƙasa shi ne igiyar, kuma a tsayin kilomita 400 har yanzu yana da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsa. 'Yan sama jannati ba don babu jan ƙasa suke shawagi ba, faɗuwa suke yi tare da kumbonsu, faɗuwar da ba ta isa ƙasa saboda tsananin gudunsu na gefe. To idan ka ba da wuta gaba, kamar ka tsawaita igiyar ne: ka hau falaki na sama. Shi kuwa na sama zagayensa ya fi tsawo, gudun cikinsa kuma ya fi ƙanƙanta. Sai ka koma baya. In kana son kamo wanda ke gabanka, birki za ka ja, ka sauko falaki na ƙasa mai gajeren zagaye da sauri, ka cim masa ta ƙasa, sannan ka hau. Ka rage gudu don ka kamo, ka ƙara don a bar ka a baya. Ka ji inda hankalin matuƙi ke juyewa.

Lissafi ne ya warware matsalar. Buzz Aldrin, shi ma tsohon matuƙin yaƙi a Koriya, a kan haɗuwar kumbo biyu a falaki ya yi digirinsa na uku a 1963. Da irin wannan ilimin, da kwamfuta da na'urar rada, Wally Schirra ya kai Gemini 6 dab da Gemini 7 ranar 15 ga Disamba 1965.

Kada a ce gwanintar hannu ba ta da rana. A Maris 1966, ɗaya daga cikin ƙananan bututun Gemini 8 ya maƙale a kunne. Babu iskar da za ta rage juyin, sai kumbon ya riƙa wulwulawa har kusan zagaye ɗaya a kowane sakan, ganin mutanen ciki ya fara dushewa. Neil Armstrong ya kashe tsarin gaba ɗaya, ya kunna bututun da aka tanada don dawowa duniya, ya tsayar da juyin da hannu. An katse tafiyar, amma shi da David Scott sun dawo da ransu. In akwai ranar da aka ga wani abu mai kama da Starbuck a zahiri, to ita ce wannan.

Jikin matuƙiyar fa?

Ka cika guga da ruwa ka wulwula shi da igiya, ruwan ba ya zubewa, yana manne da gindin guga. Haka jinin matuƙi yake yi in jirgi ya yi juyi mai tsanani: ya gangara ƙafafu. Ana auna wannan da harafin g. Nauyinka na yau da kullum g ɗaya ne. Jirgin da ya karkace digiri 60 yana shan kwana, matuƙinsa na jin g biyu. Jiragen yaƙi na zamani kan kai g tara. Mai nauyin kilo 60 zai ji kansa kilo 540, ya haura buhun gero biyar.

Zuciya famfo ce da aka yi ta don tura jini sama ɗan taƙi zuwa ƙwaƙwalwa a g ɗaya. Wajen g huɗu zuwa shida, wanda bai samu horo ba ganinsa zai fara dushewa, ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu, ya yi duhu, sai suma. Matuƙan yaƙi na sa wani wando mai kumbura da iska yana matse ciki da cinyoyi, suna kuma ɗaure tsokar jiki da wani salon numfashi. 'Yan sama jannati kuwa kwanciya suke yi rigingine lokacin tashi, don nauyin ya bi ta ƙirji zuwa baya maimakon daga kai zuwa ƙafa.

Shirin ya taɓo wannan da kyau. Bayan Starbuck ta ji rauni a gwiwa, ta dage sai ta fita wani hari. Kwamandanta Adama ya same ta a wurin motsa jiki, ya riƙa ƙara mata nauyi a kan na'urar da take turawa da ƙafa, don ta ji yadda taka fedar jirgi zai zama in nauyi ya ninku. Gwiwar ta kasa. Ta zauna a ɗakin ba da umarni, da dabararta aka ci yaƙin. Gaskiyar da ke ciki ita ce ƙarfe na jure abin da nama ba ya jurewa.

Ƙara da zafi

Ka hango mata suna daka daga nesa, za ka ga taɓarya ta sauka kafin ka ji dum. Sauti girgiza ce da ke bin iska da gudun kusan mita 340 a sakan. In kana kusa kuma, har a tafin ƙafarka za ka ji dakan, domin girgiza na bin ƙasa ma. A sarari babu iskar da za ta ɗauko ta. Starbuck za ta ji injinta da bindigarta, don girgizarsu na bin jikin jirgin zuwa kujerarta, za ta ji muryoyi a rediyo. Jirgin abokin gaba kuwa ko a gefenta ya tarwatse, shiru za ta ji, sai in ɓaraguzai sun bugi nata. Masu shirin sun bi tsaka-tsaki, suka disashe ƙarar kamar ana jin ta daga cikin jirgi.

Zafi kuwa sun kau da kai daga gare shi. Mutane na ɗauka sanyi ne matsalar sarari, amma ga jirgi mai inji, fitar da zafi ya fi wuya. Dubi fulas ɗin shayi: bango biyu ne da aka zuƙe iskar tsakaninsu, shi ya sa shayi ke kwana da zafinsa. Jirgi a sarari yana cikin fulas mafi girma da ke akwai. Babu iskar da za ta ɗauke zafi kamar yadda take yi wa injin babur, sai dai ya fita a hankali ta hanyar haskakawa. Shi ya sa Tashar Sararin Samaniya ke da manyan faranti farare da ruwan ammoniya ke zagayawa cikinsu. Viper mai inji uku ba ta da ko ɗaya. Da gaske ne, da matuƙiyar ta dahu kafin abokin gaba ya same ta.

To, za a taɓa samun Starbuck ta gaske?

An taɓa kai bindiga sarari. Tashar soja ta Tarayyar Sobiyet mai suna Salyut 3, wadda aka harba a 1974, tana ɗauke da wata babbar bindiga irin ta jirgin sama. A kafe take, sai an juya tashar gaba ɗaya kafin a saita ta. An gwada ta a Janairu 1975, lokacin babu kowa a ciki, kuma ba ta taɓa harbin abokin gaba ba.

Lissafin da muka yi a baya shi ke kashe maganar ƙaramin jirgi mai matuƙi. Starbuck biya huɗu take yi, ga iskar shaƙa, ga ruwa, ga iyakar g tara. Makami mai linzami biya ɗaya yake yi, ba ya numfashi, ba ya suma, ba a jiran dawowarsa. Ga kuma gudu. Ranar 10 ga Fabrairu 2009, tauraron sadarwa na Iridium 33 ya yi karo da mataccen tauraron Rasha Kosmos 2251 a saman Saiberiya, da gudun kusan kilomita 11.7 a sakan, ya ninka na harsashin bindiga fiye da sau goma. Ɗan'adam na buƙatar kusan rubu'in sakan kafin hannunsa ya amsa abin da idonsa ya gani. A wannan ɗan taƙin, abin ya ci kusan kilomita uku. Ina gwaninta a nan?

Akwai kuma abin da finafinai ba sa nunawa, wato bayan faɗa. A duniya, jirgin da aka harbo ƙasa yake faɗowa. A falaki ɓaraguzai ci gaba suke da zagaye. A Janairu 2007 ƙasar Sin ta harbe wani tsohon tauraronta na hasashen yanayi a tsayin sama da kilomita 800, ya fashe gida fiye da 3,000 da ake iya bibiya, da yawansu na can har yau. Amurka ta harbe nata a 2008, Indiya a 2019, Rasha kuma a Nuwamba 2021, har sai da mutanen da ke cikin Tashar Sararin Samaniya suka shige kumbunan dawowa gida suka fake.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Najeriya ta kafa hukumar NASRDA a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, duk a ƙananan falakai irin waɗanda tarkacen ke yawo. Irin waɗannan taurarin ne ke ɗaukar hoton gonaki, ambaliya da gurgusowar hamada. Hasashen damina da manomin riɗi ko zoɓo a Gagarawa ke saurara a rediyo, da taswirar wayar direban da ya ɗauko shanu daga Maigatari zuwa kudu, da ƙwallon da ake kallo a gidan kallo, duk akwai tauraron ɗan'adam a bayansu. Yaƙi a falaki ba zai tsaya kan masu yin sa ba.

Kuma in ana neman matuƙan sarari na gaske a ƙasar nan, suna zaune ne a gaban kwamfuta. Tauraron sadarwa NigComSat-1R, da aka harba daga Sin a Disamba 2011, yana can kusan kilomita 36,000, ana sarrafa shi daga tashar ƙasa a Abuja. Jan wata da rana na ture irin waɗannan taurari daga mazauninsu a hankali, sai injiniyoyi su lissafa, su kunna ƙananan bututu na ɗan lokaci su mayar da su. An tsara shi ya yi shekara 15, kuma abin da ya fi yanke wa irinsa kwana shi ne ƙarewar wannan man. Dokar da ta ɗaure Starbuck ita ce ta ɗaure su.

Mace a kujerar jirgin yaƙi kuwa ta daina zama almara. A Oktoba 2019 rundunar sojan sama ta Najeriya ta liƙa wa Kafayat Sanni fuffuke a matsayin mace ta farko matuƙiyar jirgin yaƙi, rana ɗaya da marigayiya Tolulope Arotile, ta farko a jirgin yaƙi mai saukar ungulu.

Ga ɗalibanmu na sakandare da na Kwalejin Ilimi ta Gumel, da malamansu: dokokin Newton ɗin nan uku da ake haddacewa, a fitar da su fili. A wulwula guga, a saki majajjawa a ga inda dutse ke nufa, a hura balan-balan a sake shi. In an samu daren da gari ya yi garau, jim kaɗan bayan magariba ko kafin asuba, a duba sama. Wani haske mai ƙarfi da ba ya ƙiftawa, yana ratsa sama cikin 'yan mintuna ba ƙara, mai yiwuwa Tashar Sararin Samaniya ce, kuma akwai manhajojin waya kyauta da ke faɗin lokacin wucewarta a garinku. Injinta a kashe yake a yawancin lokaci, da mutane a ciki, tana zagaya duniya kusan sau 16 a rana.

Wane fim ko shiri kuke so mu ɗora a sikeli nan gaba? Ku aiko mana da tambayoyinku. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.